Shin doka ta ba likita damar ɗibar jinin tsofaffi ba da izininsu ba?

Tun bayan girbi wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp tsakanin ƙauyukan Ringim da Taura, wai likitocin ido masu zuwa duba tsofaffi kyauta jini suke ɗiba don gwajin maganin Turawa, kuma wai gwamnati ta yi dokar da ta sahale musu ko mutum bai yarda ba. Har ta kai wasu sun hana iyayensu zuwa a cire musu yanar ido. Tsoron yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar kan dala miliyan 75. Amma abin da mai saƙon ya jingina wa doka ba ya cikinta.

Binciken maganin ido na Turawa dai gaskiya ne akwai shi, amma galibi a Amurka da Turai ake yin sa. Akwai cutar da ke cin tsakiyar ganin tsofaffi: mutum yana ganin gefe, yana zuwa masallaci da kansa, amma fuskar jikansa ta dushe masa, baƙin allo ya gagare shi. A 2005 masana suka gano alaƙarta da garkuwar jiki. Ƙwayoyin da aikinsu share datti a bayan ido su ne kan wuce gona da iri, su tayar da kumburi, su lalata wurin da suka zo karewa. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da allurai biyu, Syfovre da Izervay, waɗanda ake yi a cikin ido. Rage saurin lalacewar kawai suke yi, ba sa dawo da ganin da ya tafi. A nan gida kuwa, binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce ke jawo kusan kashi 43 cikin 100 na makanta, kuma cire ta tsohon aiki ne da aka saba, babu gwaji a ciki.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu, ta ce a sashe na 32 ba a bincike a jikin mai rai sai da yardarsa a rubuce, bayan an yi masa bayanin manufar binciken da abin da zai iya haifar wa lafiyarsa. Yaro sai da yardar iyaye ko waliyyi. Ƙa'idar binciken lafiya ta 2007 ta yarda wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa a gaban shaida, ta kuma ba shi damar janyewa duk ranar da ya ga dama. Izinin dagaci ko mai unguwa ladabi ne mai kyau, amma ba ya tsayawa a madadin amincewar Baba da kansa.

Inda aka samo jita-jitar shi ne sashe na 48. Ya hana cire jini ko wani sashe na jikin mai rai sai da yardarsa, sannan ya ce ana iya ɗage wannan sharaɗi domin awo da magani a halin gaggawa. Wato an kawo wanda mota ta buge a hanyar Gumel ba ya cikin hayyacinsa, ko mace jini ya ɓalle mata wajen haihuwa: likita ba zai tsaya neman takarda ba kafin ya auna rukunin jininta. Tsohon da ya tako da ƙafarsa ya zauna a benci yana jiran a duba idonsa ba ya cikin gaggawa, bincike kuma ba ya shiga wannan rangwame ko kaɗan. Ni dai ina ganin masu rubuta dokar sun yi sakaci da ba su fayyace iyakar gaggawar a wannan sashe ba, tun lokacin lauyoyi suka yi ta ƙorafi a kai.

Hukuncin ma abin dubawa ne. Wanda ya cire wani sashe na jiki ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira miliyan 1 ko ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba, ko duka. Wanda ya ɗebi jini, tarar da ba ta wuce naira 100,000 ba ko ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko duka. Yau wannan tara ba ta sayi ragon layya na kirki ba, ina za ta tsorata mai bincike da kuɗin waje a hannunsa? Abin da ya fi riƙe su shi ne kwamitin ɗa'ar bincike, wanda dole ya amince kafin a fara, da NAFDAC mai ba da izinin gwajin magani.

In an zo ƙauyenku aka ce za a ɗebi jinin Inna ko Baba, ku tambaya kai tsaye: magani ne ko bincike? In bincike ne, a nuna takardar amincewar kwamiti, a karanta muku takardar yarda da Hausa, a faɗi inda jinin zai je, domin fitar da shi waje ma sai da yarjejeniya a rubuce. In sun ƙi, ku kai maganar sashen lafiya na ƙaramar hukuma.