Bishiyar Kirsimeti

Bishiyar Kirsimeti ita ce bishiyar da iyalai Kiristoci, da ma wasu da ba Kiristoci ba, kan kafa a cikin gida a watan Disamba, su yi mata ado da fitilu da kayan ƙyalƙyali, albarkacin bikin haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. Galibi akan saro ta ne daga itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye siriri kamar allura, waɗanda ba sa kakkaɓe ganyensu ko da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. Masana tsirrai suna kiran manyan jinsunan nan Abies da Picea da Pinus. A yau ta roba ma ta cika kasuwa. Al'adar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma Kiristocin ƙarnukan farko ba su san ta ba. Ta tsiro ne a yankunan masu jin Jamusanci wajen ƙarni na 16, kuma a falon iyali ta yi jijiya tun kafin ta fito dandali. Jamusawa suna ce mata Weihnachtsbaum, ko Christbaum, ko Tannenbaum.

Asali

Tun kafin Kiristanci, mutanen Turai kan shigo da ɗanyen reshe cikin gida a tsakiyar hunturu, lokacin da rana ke gajarta, gonaki suka mutu, komai ya bushe. Wasu marubuta suna ɗaura bishiyar Kirsimeti kai tsaye a kan waɗannan al'adu na da, amma rubuce-rubucen da suka tsira ba su nuna sarƙar da ta haɗa su ba.

Abin da ya fi kusa da hujja shi ne wasan kwaikwayon Aljanna da ake yi a ƙofar majami'u a tsakiyar zamanin Turai. Ranar 24 ga Disamba ita ce ranar tunawa da Adamu da Hauwa'u a kalandar jama'a, kuma abin da ake kafawa a fagen wasan shi ne bishiya mai ɗanyen ganye da aka rataya wa tuffa, a madadin bishiyar da aka hana su ci. Ana kyautata zaton daga nan ne bishiyar ta shiga zaurukan ƙungiyoyin masu sana'a, sannan ta shiga gidaje.

Yankin Alsace, wanda yanzu yake cikin Faransa, shi ne ya fi kowa tsofaffin takardu. A littafin kuɗin garin Sélestat na shekarar 1521 akwai wurin da aka rubuta ladan masu gadin daji, domin su tsare itatuwa daga ranar 21 ga Disamba, alamar cewa masu sara sun fara yawa. A Bremen ta ƙasar Jamus, wani tarihin ƙungiyar masu sana'a na wajen 1570 ya ambaci ƙaramar bishiya da aka yi wa ado da tuffa da dabino da furannin takarda, aka bar 'ya'yan 'yan ƙungiyar su kakkaɓe su ci. Bayanin da masana suka fi kafa hujja da shi kuwa na wani ne da ba a san sunansa ba, wanda ya rubuta a 1605 cewa mutanen Strasbourg, babban birnin Alsace, kan kafa bishiya a falonsu, su rataya mata furannin wardi da aka yanka daga takarda mai launi-launi, da tuffa, da waina 'yar siririya, da ƙyallin zinariya, da kayan zaƙi. Babu maganar kyandir a cikin wannan bayani. Yawancin adon bishiyar farko abin ci ne, kuma yara ake yi wa.

Ba kowa ya yi maraba da ita ba. A shekarun 1640 wani babban malamin ɗarikar Luther, wato mabiya Martin Luther na Furotesta, a Strasbourg, Johann Conrad Dannhauer, ya soke ta a wa'azinsa, yana ganin wasan yara ne da ke ɗauke hankalin mutane daga maganar Allah.

Biranen Tallinn na Estoniya da Riga na Latbiya kowanne yana iƙirarin shi ne na farko, ɗaya da shekarar 1441, ɗayan da 1510, saboda bishiyar da wata ƙungiyar fatake kan fito da ita dandali. Masana ba su daidaita a kan ko waccan bishiyar Kirsimeti ce a ma'anar yau ba. Labarin cewa Martin Luther ne ya fara kunna mata kyandir bayan ya ga taurari ta tsakanin rassa, da wanda ke danganta asalinta da waliyyi Boniface da ya sare itacen da ake bauta wa wajen shekarar 723, duka an ƙawata su ne daga baya.

Ɗakin da ake kullewa

A ƙarni na 18 da na 19 ne al'adar ta ɗauki siffar da aka san ta da ita, a gidajen masu hali na biranen Jamus, musamman mabiya ɗarikar Furotesta. Mabiya Katolika sun daɗe suna riƙe da nasu adon, wato siffar komin dabbobin da aka kwantar da jariri Yesu, kuma a wasu yankunansu sai ƙarshen ƙarni na 19 bishiyar ta samu shiga. Kyandir ya biyo baya ne a hankali. Wata gimbiya Bajamushiya da ta yi aure a fadar Faransa, Liselotte, ta tuna a wata wasiƙa ta 1708 yadda ake kunna kyandirori a kan ƙananan itatuwa lokacin ƙuruciyarta a Hanover. Kakin zuma yana da tsada, don haka talaka bai samu kyandir a bishiyarsa ba sai da na farafin da makamantansa suka yi araha a ƙarni na 19.

Ga yadda abin yake gudana a irin waɗannan gidaje. Ranar jajibiri, 24 ga wata, iyaye kan shigar da bishiyar falo su kulle ƙofa. Yara suna waje sun yi wanka sun sa kayan salla, suna jin motsi da ƙamshin ɗanyen itace ta ƙarƙashin ƙofa, amma ba wanda zai leƙa. Idan duhu ya yi, sai uba ko uwa ta bi kyandirorin ɗaya bayan ɗaya ta kunna, a kaɗa 'yar ƙararrawa, a buɗe ƙofa. Yaro ya fito daga duhun soro ya faɗa cikin haske lokaci guda, ga kyaututtuka a jere a gindin bishiyar ko a kan teburi. Akan ce wa ƙanana Christkind, wato Ɗan Yaro Almasihu, shi ne ya kawo kayan ya fice ta taga. A yi waƙa, a karanta labarin haihuwar daga Linjilar Luka, sannan a buɗe kyauta. Kyandirorin ba sa daɗewa a kunne, kuma akan ajiye bokitin ruwa a kusa, domin busasshen reshe ba ya wasa da wuta. Har yau akwai gidaje a Jamus da Austriya da Switzerland da Denmark da ba su bar kyandir na gaske ba.

Wannan ɗakin da ake kullewa shi ne zuciyar al'adar. Ya mayar da bikin da a da ake yi a titi da majami'a da gidan giya ya koma na cikin gida, uba da uwa da 'ya'ya da kakanni a ɗaki ɗaya. A Denmark da Norway akan janyo bishiyar tsakiyar ɗaki, iyali su riƙe hannun juna su kewaye ta suna waƙa kafin a taɓa kyauta ko ɗaya.

Yaɗuwa

Auratayyar gidajen sarauta da ƙaurar Jamusawa su ne suka ɗauke ta zuwa wasu ƙasashe. A Ingila, Sarauniya Charlotte, Bajamushiya matar Sarki George na Uku, ta kafa wa yara bishiya a Windsor a 1800. Victoria tana 'yar shekara 13 ta rubuta a littafinta na yau da kullum, a 1832, cewa ta ga bishiyoyi biyu a kan tebura da fitilu da kayan sukari. Amma abin da ya sa jama'a suka rungume ta shi ne zanen da jaridar Illustrated London News ta buga a 1848, wanda ya nuna Sarauniya Victoria da mijinta Albert da 'ya'yansu sun kewaye bishiya. Bayan shekara biyu wata mujallar mata a Amurka ta sake buga zanen, ta cire kambin sarauniya da gashin bakin Albert, suka koma kamar kowane iyali na Amurka.

A Vienna an ga bishiyar a gidajen manya tun 1814 zuwa 1816. A Faransa ta shiga fada wajen 1840, amma ba ta bazu ba sai bayan yaƙin 1870 zuwa 1871, da mutanen Alsace suka yi hijira zuwa cikin ƙasar. A Rasha gwamnatin Kwaminisanci ta hana ta a ƙarshen shekarun 1920, sannan a 1935 aka dawo da ita a matsayin bishiyar Sabuwar Shekara, da jan tauraro a kanta, kuma a haka ta zauna a yawancin ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyat.

Bishiyar dandali ta zo a makare. Shugaban Amurka Calvin Coolidge ya kunna bishiyar ƙasarsa a Washington a 1923, birnin Oslo na Norway yana aika wa Landan guda kowace shekara tun 1947 don godiya kan taimakon Yaƙin Duniya na Biyu, Fadar Vatikan kuwa sai a 1982 ta kafa tata a dandalin Bitrus, zamanin Fafaroma John Paul na Biyu.

Kayan ado

Tuffa ce ta rikiɗe ta zama ƙwallon gilashi. Masu hura gilashi na ƙauyen Lauscha a yankin Thuringia na Jamus ne suka shahara da shi, kuma akan danganta farkonsa da wajen 1847. Daga 1880 ɗan kasuwar Amurka F. W. Woolworth ya shiga sayar da su a kantunansa, suka samu karɓuwa ƙwarai. A 1882 Edward H. Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya naɗe bishiyar gidansa a New York da ƙwan lantarki 80, ja da fari da shuɗi. Sai da aka ɗauki shekaru kafin gidajen talakawa su samu, saboda tsada da rashin wuta.

A ƙololuwa akan sa tauraro, tunawa da wanda ya jagoranci masanan gabas zuwa Baitalami, ko kuma mala'ika. Iyalai da yawa suna da akwatin ado da ake gada: ƙwallon da kaka ta saya, tauraron kara da yaro ya yi a makaranta, abin da aka sayo shekarar da aka yi haihuwa. Fito da akwatin nan da warware igiyar fitilu da ta cukurkuɗe aiki ne na dukan gida. A Disambar 2020, da annobar korona ta hana tafiye-tafiye da taruwa, an ba da rahoton cewa a ƙasashen Turai da Amurka mutane sun yi ado da wuri, kuma cinikin bishiya ya ƙaru.

Ta gaske da ta roba

Yawancin bishiyoyin yau noma su ake yi a gona, kuma sukan ɗauki shekara 7 zuwa 10 kafin su kai tsayin ɗaki. A Turai an fi son irin Nordmann, wani nau'in Abies, saboda ba ta saurin zubar da ganye. Denmark ce kan gaba wajen fitar da ita, irin shukar kuwa galibi daga dazuzzukan ƙasar Jojiya ake tsinko shi. Sararriyar bishiya tana buƙatar ruwa a gindinta kullum. Ta jabu ta farko an yi ta ne a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19 da gashin dinya da aka rina kore. Ta roba ta yanzu yawanci daga ƙasar Sin take fitowa. Muhawara kan wadda ta fi sauƙi ga muhalli ta rataya ne a kan yawan shekarun da za a yi ana amfani da ta robar.

Lokacin kafawa da saukewa

A Italiya akan kafa ta 8 ga Disamba, a Amurka daga ƙarshen Nuwamba. Saukewa galibi 5 ko 6 ga Janairu ne. Mutanen Sweden kan kai 13 ga wata, yara su cinye alawar da ke jiki kafin a fitar da ita, wasu gidajen Katolika kuma har 2 ga Fabrairu.

Saɓani

Wasu Kiristoci suna ƙin ta, suna kafa hujja da Irmiya sura 10, inda aka yi maganar itacen da ake sarowa a yi masa ado da azurfa da zinariya. Yawancin masu fassara sun ce gumaka ake nufi. Shaidun Jehobah ba sa bikin Kirsimeti gaba ɗaya.

A ƙasashen zafi

Inda waɗannan itatuwa ba sa fitowa, mutane kan yi da abin da ke kusa. A wasu sassan Indiya akan yi wa mangwaro ko ayaba ado. A Najeriya ta roba ce ake gani, kuma ta fi yawa a majami'u da otal-otal da bankuna da manyan kantuna. A gidajen Kiristocin Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano akwai masu kafa ta a falo da fitilu masu ƙiftawa da balan-balan, amma abin da gida ya fi mayar da hankali a kai shi ne ɗinkin yara, da shinkafa da kaji, da cincin, da kwanon abincin da ake aika wa maƙwabta, Kirista da Musulmi.