Waiwaye: Yadda naman kwali ya sauya fuskokin ƙananan garuruwan Amurka

Tun 2024 da maganar 'yan Haiti da ke garin Springfield na jihar Ohio ta cika ko'ina, muhawarar nan ta baƙi a ƙananan garuruwan Amurka ba ta lafa ba. Wasu na cewa an mamaye musu gari dare ɗaya, kuɗin haya ya tashi, asibiti ya cika, aji ya cika da yaran da ba sa jin Turanci, wasu kuma na cewa ai da ba don baƙin ba da garin ya daɗe da mutuwa. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne kowa na magana kamar jiya-jiya aka fara, alhali ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa nake so mu ɗauki gari ɗaya ƙarami mu bi sawunsa, wato Lexington da ke jihar Nebraska, a bakin kogin Platte.

A ƙidayar 1990 mutanen garin 6,601 ne, kusan dukkansu farar fata, masu asali da Latin Amurka ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. Da aka sake ƙidaya a 2000 sai ga mutum 10,011, kuma sama da rabinsu 'yan asalin Latin Amurka. Shekara goma kacal fa.

Tarihin farko sananne ne, ba sai mun daɗe a kai ba. Yankin ƙasar ƙabilun asali ne irin su Pawnee. Dokar rabon gonaki ta 1862 ta ce duk wanda ya zauna ya noma za a ba shi eka 160, layin dogo ya ratsa, Turawa suka kwararo, Jamusawa da 'yan Suwidin da 'yan Denmark da 'yan Czech. Su ma ɗin da yarensu suka zo da cocinsu da jaridunsu, har ta kai a 1919 aka yi dokar hana koyar da ƙananan yara harsunan waje a jihar, sai a 1923 kotun ƙoli ta soke ta. Jikokinsu ne yau takardar ƙidaya ke tarawa a gida ɗaya ta ce "farare", kamar dama can abu ɗaya ne. Daga nan dokar 1924 ta taƙaita shigowa, ta 1965 ta cire kason da ake warewa bisa asalin ƙasa, ta 1980 ta tsara karɓar 'yan gudun hijira, ta 1986 kuma ta ba mutum kusan miliyan 2.7 takardun zama. Waɗannan su ake ta jerowa a duk muhawara.

To amma doka ƙofar ƙasa kawai take buɗewa, ba ta ce wa mutum ga garin da za ka je. Yawancin baƙin da suka shigo bayan 1965 manyan birane suka nufa, New York da Los Angeles da Miami da Shikago, inda 'yan uwansu suke. Me zai kai mutumin da ya taso daga Meziko ko Guatemala wani gari mai mutum dubu shida a tsakiyar gonakin masara, inda sanyin hunturu ke daskarar da ruwa? Amsar tana wajen mahauta, kuma nan ne ba a cika tsayawa ba.

Da can fawa sana'ar birni ce a Amurka. Ana loda shanu a jirgin ƙasa a kai su manyan kasuwannin kara na Shikago da Omaha da Kansas City, a yanka a can, a feɗe, a raba saniya biyu ko huɗu a rataye, a tura wa shaguna. A shagon kuma akwai ƙwararren mahauci da ya san kowace gaɓa, shi zai ɓanɓare ya sassara ya fitar da tsoka yadda mai saye ke so. Aiki ne mai wahala da ƙazanta amma bayan yaƙin duniya na biyu ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ƙarfi a cikinsa sosai, har albashin ma'aikacin mayanka ya ɗara na matsakaicin ma'aikacin masana'anta, mutum na iya sayen gida da shi ya riƙe iyali.

Sai abubuwa suka haɗu a shekarun 1960. An shimfiɗa manyan hanyoyin mota bayan dokar 1956, ga tireloli masu firji, babu sauran dogaro da jirgin ƙasa. A filayen Nebraska da Kansas da Texas kuma aka samu injinan ban ruwa masu jawo ruwan ƙarƙashin ƙasa, masara ta wadata, aka fara turke dubban shanu wuri ɗaya ana ɗura musu abinci. Lissafin mai sauƙi ne: don me za a ɗauki saniya da ranta tafiyar ɗaruruwan mil tana ramewa a hanya, sannan a sake biyan kuɗin dakon ƙashi da kitsen da zubarwa za a yi? Gara a gina mayankar kusa da turken. Wajen 1967 a Dakota City, duk a Nebraska, aka fara abin da ya juya sana'ar gaba ɗaya, ana yayyanka naman tun a masana'anta, a zuƙe iskar leda a liƙe, a jera a kwali a tura. Tirela ɗaya sai ta ɗauki naman da ya fi na da yawa. A 1971 babbar kasuwar karan Shikago da ta yi shekara sama da ɗari tana ci ta rufe.

Abin da kwalin nan ya yi wa mahauci shi ne ainihin labarin. Aikin da mutum ɗaya ke shekaru yana koyo sai aka daddatsa shi gida-gida. Saniya na rataye a sarƙa tana tafiya, kai kana tsaye wuri ɗaya cikin ɗaki mai sanyin firji, ƙugiya a hannu ɗaya wuƙa a ɗayan, safar ƙarfe a hannunka, yanka iri ɗaya za ka yi ta maimaitawa tun safe, kafin ka ɗago wata ta iso. Cikin 'yan kwanaki ko makonni an koya maka, kuma ba ka buƙatar Turanci. Da ƙwarewa ta daina zama dole sai ƙarfin ƙwadago ya karye, a shekarun 1980 tsofaffin mayankun birni suka yi ta rufewa, albashi ya faɗi har ya koma ƙasa da na sauran masana'antu, ga ciwon wuyan hannu da kafaɗa, ga yankan wuƙa. Mutane na shiga suna fita, don haka masana'anta mai ma'aikata dubu biyu kullum cikin neman sabbin hannaye take.

Su kuma ƙauyukan a daidai lokacin wuta suke sha. Rikicin noma na shekarun 1980 ya zo da kuɗin ruwa mai tsada, darajar gona ta faɗi, manoma da yawa bashi ya cinye su, ƙananan bankuna suka durƙushe, samari suka tattara suka yi birni. Lexington ita ma ta ɗanɗana, masana'antar injinan girbi da garin ke tinƙaho da ita ta rufe a tsakiyar shekarun, mutane suka ragu daga 7,040 a 1980 zuwa wancan 6,601 ɗin. Garin da ke cikin wannan hali in aka ce ga aiki ya zo hannu bibbiyu zai karɓa, kuma haka aka yi, a cikin wancan ginin da aka bari ne aka buɗe mayankar shanu a 1990.

To aiki ya zo amma masu yinsa fa? 'Yan gari sun yi kaɗan, da yawa sun tsufa, matasan da suka rage kuma ba kowa ke jurewa ba. Labari ya bi dangi, wani ya samu aiki ya kira ƙaninsa, ƙanin ya kira surukinsa, wasu daga California da Texas suka taso, wasu kai tsaye daga Meziko musamman bayan faɗuwar kuɗinsu a 1994, daga baya 'yan Guatemala da El Salvador, sai Somaliyawa da yaƙin da ya ɓarke a ƙasarsu a 1991 ya koro, har suna da masallaci a garin. Haka ta faru a Garden City ta Kansas bayan an buɗe mayanka kusa da ita a 1980, can 'yan gudun hijirar Biyetnam da Laos na cikin na farko. Haka Storm Lake a Iowa, haka Worthington a Minnesota inda aladu ake yankawa. In ka ɗora taswirar ƙananan garuruwan da jama'arsu ta sauya da sauri a tsakiyar ƙasar kan taswirar mayanku, za ka ga sun kusa zama abu ɗaya.

Kuma gaskiya kukan tsofaffin 'yan gari ba na banza ba ne, ba na son a raina shi. Gari mai gidaje ƙidayayyu ya ƙaru da mutum sama da dubu uku cikin shekara goma, dole gida ya yi wuya, dole malama ta rasa yadda za ta yi da aji, dole asibiti ya nemi tafinta. Amma wanda ya zo ɗin shi ma aiki ya biyo, aikin da aka tsara shi tun shekara ashirin kafin ya taka garin. Yaran da aka haifa musu a Lexington a shekarun 1990 yanzu magidanta ne, ba su san wani gida ba.

A ƙarshen 2025 aka sanar za a rufe mayankar ta Lexington, a lokacin da yawan shanun ƙasar ya yi ƙasan da aka shafe shekaru da dama ba a gani ba bayan fari da tsadar kiwo. Ma'aikata wajen 3,200 abin ya shafa, a garin da duka-duka mutanensa ba su wuce dubu goma sha ɗaya ba.