Farasitoyid ba farasayit ba ne

Tun da aka shiga batun rage feshin magani, kalmar farasitoyid, wato ƙwaron da ɗansa ke girma a jikin wani ƙwaro har ya kashe shi, ta yawaita a bakin masu shirye-shiryen noma. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke fassara ta da farasayit, wato abin da ke rayuwa a jikin wani yana ci daga gare shi, su jera ta tare da kaska da ƙwarƙwata, mai sauraro ya tashi da tunanin wata sabuwar annoba ce ta shigo lambu.

Kaska jini take sha, amma rayuwar saniya riba ce a gare ta. Farasitoyid kuwa sai ya ga bayan wanda ya shiga jikinsa. Masanin ƙwari Reuter ya ƙirƙiro kalmar a 1913 domin wannan bambanci. Yawancinsu ƙananan dangin rina da zanzaro ne, wasu kamar Trichogramma ba su kai milimita 1 ba, kuma ba ruwansu da harbin mutum.

Juya ganyen da darɓa ta kama, ka duba da kyau. A cikin korayen za ka ga wasu sun kumbura, sun bushe, sun koma ruwan ƙasa, ba sa motsi. Macen Aphidius, wata 'yar ƙaramar rina, ce ta soki kowace ta saka mata ƙwai ɗaya a ciki. Ɗan ya ƙyanƙyashe, ya cinye cikin darɓar, ya kwanta a ɓawonta har ya yi fiffike, sannan ya yanka wata 'yar ƙofa zagayayya a baya ya fice. Da gilashin ƙara girma har murfin ƙofar kana iya gani. Haka fararen 'yan ƙunshin da ke manne a bayan tsutsa: mutane kan ɗauka ƙwanta ne su murƙushe, alhali 'ya'yan wata ƙaramar rina ce mai suna Cotesia da suka riga suka gama da ita.

Irin wannan ƙwaro, Anagyrus lopezi, aka ɗauko daga Kudancin Amurka aka saka a Afirka a 1981, ya murƙushe farin ƙwaron da ke halaka rogo. A ganina duk mai kiran farasitoyid annoba a rediyo yana tura jama'a su kashe mai taimakonsu ne, domin feshi kan hallaka rinar, darɓa kuma ta fi ta saurin farfaɗowa.

In ka ga busassun darɓar nan ba huji, bar ganyen a jikin shuka, 'ya'yan suna ciki tukuna.