Ciwon damuwa a karkara: me mutum zai iya yi wa kansa a gida?

Ai kowa na cikin damuwa a wannan zamani. Ta yaya za a gane wadda ta zama ciwo?

Manomin da ambaliya ta cinye wa shinkafa a Auyo ko Haɗejiya, kamar yadda aka gani a daminar 2022, dole ya kwana ido biyu. Wannan ba ciwo ba ne. Likitoci suna duba tsawon lokaci: idan mako biyu suka wuce mutum kusan kullum zuciyarsa a cunkushe, abin da yake so ya daina yi masa daɗi, cin abinci da barci sun rikice, ga kasala ba tare da ya yi aiki ba, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, to abin ya wuce ɓacin rai.

Mutanenmu ba kasafai suke cewa "ina baƙin ciki" ba. Sai dai ka ji kai na sarawa, ƙirji ya yi nauyi, wani abu na yawo a jiki. A yi ta sintiri kemis ana sayen maganin zazzaɓi da na taifot, kuɗi su ƙare, ciwo na nan. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan larura a duniya sun kai miliyan 280, kuma mata sun fi maza yawa.

Ba raunin imani ba ne?

A'a. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a aya ta 84 cikin Suratu Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki malaman tarihi suke kiranta. Mai ce wa maras lafiya "imaninka ne ya yi ƙasa" nauyi kawai ya ƙara masa. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, sallar jam'i kuma tana fitar da mutum daga ɗaki sau biyar a yini, ta haɗa shi da jama'a. A riƙe su, a kuma nemi magani.

An ce a riƙa motsa jiki. Wanda ya yini da fartanya fa?

Da damina babu mai buƙatar wannan shawara. Matsalar tana zuwa bayan kaka, an kai amfani rumbu, wanda ba shi da fadama ya koma zaman ƙofar gida, tunani ya samu fili. A nan ne ya kamata a ƙirƙiri aiki: gyaran danga, kai taki gona, yi wa dabbobi ciyawa, taka ƙafa zuwa kasuwa maimakon hawa babur. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ne a mako, wato kamar rabin awa a kwanaki biyar.

Mai damuwa ba ya jin sha'awar komai, don haka kada ya jira sha'awa ta zo. Ya fara da ƙaramin abu, sha'awar tana biyo baya. Mace da ke cikin gida ta fito tsakar gida da hantsi, ta yi shara ko surfe tare da 'yan uwanta mata, kada ta yini a uwar ɗaka da labule a sake.

Barci ya ƙi zuwa. Me za a yi?

A daina goro da shayi mai kauri daga la'asar, domin sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar awoyi kafin ya bar jiki. A ajiye waya bayan isha. Barcin rana ya zama gajere. In an kwanta tunani ya taso, a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja.

Ƙwaya kuwa tarko ce. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, suna kwantar da hankali na ɗan lokaci, gari ya waye damuwar ta ninka. Maganin barci ma ba a sha sai likita ya rubuta.

Wa za a faɗa wa, alhali magana ba ta ɓuya a ƙauye?

Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shi ke sa da yawa su haɗiye. Ba a ce a baza sirri a majalisa ba. Mutum ɗaya ya isa: amini, ƙanwar uwa, yaya, limamin da aka san bakinsa da nauyi. Shi kuma wanda aka kawo wa kuka, ya saurara kafin ya ce "sai haƙuri".

A sa ido kan matan da mazajensu suka tafi ci-rani Legas ko Fatakwal suka bar su da yara da ɗan hatsi, da kuma masu jego. Fiye da mace ɗaya cikin goma tana shiga wannan hali lokacin ciki ko bayan haihuwa. Uwar miji ko kishiya da ta ga mai jego na yawan kuka, ko ba ta kula jariri, kada ta ɗauka shagwaɓa ce. A karɓi jaririn na ɗan lokaci ta samu barci, a kuma faɗa wa ma'aikaciyar asibiti ranar rigakafi.

In bashi ne ya hana sukuni, gara a je a samu mai kuɗin da shaida a tsara biya kaɗan-kaɗan, da a yi ta canja hanya.

Yaushe dabarun gida suka daina isa?

Idan mutum ya daina ci, ya kasa tashi aiki, yana jin muryoyi, ko yana cewa gara ya mutu ya huta. Wannan magana ta ƙarshe ba a ɗaukarta wasa: kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin feshi da na ƙwari daga gidan, a tafi asibiti a ranar. Ana iya farawa daga asibitin sha-ka-tafi na kusa su tura gaba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau da kuma Kazaure, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganin yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma ba a yanke shi da kai don an ga jiki ya warware, sai likita ya ce a daina.