Gudun fanfalakin Landan da tawagar yaƙi da ciwon daji: ga amsoshin, dan Allah a karanta kafin a sake tambaya

Jama'a salamu alaikum. Tun da aka ga ina atisaye da rigar Cancer Research UK, ƙungiyar agaji ta binciken ciwon daji a Birtaniya, tambayoyin nan guda nake ta amsawa, a waya, a bakin masallaci, har a wajen suna. Toh na tattara su wuri ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wai tsawon nawa ne gudun?

Kilomita 42.195, wato mil 26.2. Ba a rage wa kowa.

Ina Najeriya, in na shiga tawagar za su nema min biza?

A'a. Ƙungiyar agaji ce, ba ofishin jakadanci ba. In gudun kake so tsakani da Allah akwai na Legas da ake yi tun 2016, yawanci a watan Fabrairu, fara da shi.

Ta yaya ake samun gurbi?

Hanya biyu ce ga irinmu da ba 'yan wasa ba. Ta farko ƙuri'a, ka sa sunanka ka jira, amma sama da mutum miliyan ɗaya ne suka nemi gurbin 2026 alhali waɗanda suka kammala gudun 2025 dubu hamsin da shida ne da 'yan kai, toh lissafa da kanka. Ta biyu ƙungiyoyin agaji, suna da guraben da suke ba wanda ya ɗau alkawarin tara musu kuɗi, yawanci fam 2,000 ko fiye, ya danganta da ƙungiyar da kuma shekarar, ga kuɗin rajista daban. In kuwa Allah ya ba ka sa'a ƙuri'a ta faɗo kanka, kana iya shiga tawagar da gurbinka ka tara abin da ya sawwaƙa.

In na karɓi gurbin ban iya cika kuɗin ba fa?

Wannan tambayar ita ta fi ɓata min rai, domin wasu tun kafin su fara sun riga sun shirya zillewa. Gurbin nan ba kyauta ƙungiyar ta same shi ba, kuɗi ta biya, kuma akwai wanda aka hana aka ba ka, wataƙila ma wanda ya binne mahaifiyarsa bara saboda sankarar mama. Amana ce ka ɗauka. In ka san hoto da lambar yabo kawai kake nema ka bar musu abinsu.

Amma wanda ya shiga da gaskiya kada ya tsorata, kuɗin na taruwa in an fara da wuri. Ka buɗe shafin tara kuɗi ranar da aka ba ka gurbin, ba watan Maris ba. Ka nemi izinin liman ya ba ka minti biyu bayan Juma'a, ka tambayi wajen aikinka ko suna ƙara wa ma'aikaci a kan abin da ya tara domin kamfanoni da yawa a nan suna yi, in kina da hannun girki ki yi masa da miyar taushe ranar taron 'yan gida ki ajiye kwano a gefe. Kuma ka tuna wa duk mai biyan haraji a Birtaniya ya danna Gift Aid, gwamnati na ƙara fam 25 a kan kowane fam 100, sai dai mafi yawan ƙungiyoyi ba sa lissafa wannan ƙarin cikin alkawarinka, kar ka dogara da shi.

Ban taɓa gudu ba a rayuwata, zan iya?

Za ka iya, in ba yau ka fara kana son ka gama gobe ba. Fara da manhajar Couch to 5K ta NHS, hukumar lafiya ta Birtaniya, kyauta ce, sati tara. Daga nan ka riƙa zuwa parkrun, kilomita 5 duk Asabar ƙarfe tara na safe, shi ma kyauta. In ka kai kana yin kilomita 10 ba tare da ka kwanta jinya ba sai ka hau tsarin atisaye na sati 16, wanda ga gudun ƙarshen Afrilu farkon Janairu yake farawa. Haɗa gudu da tafiya ba abin kunya ba ne, dubban mutane haka suke kaiwa ƙarshe.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: in kana da hawan jini, ciwon suga, ko akwai ciwon zuciya a gidanku, ga likita tukuna. Sannan ka san rukunin jininka na sikila. Mu 'yan Afirka ta Yamma masu AS suna da yawa a cikinmu, kuma duk da yawancinsu suna motsa jiki lafiya lau, gudu mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki na iya zame musu haɗari. Mai SS kuwa wannan maganarsa ce da likitansa, ba da ni ba.

Wane takalmi zan saya?

Wanda bai matse ka ba, da ɗan fili a gaban babban yatsa. Je shagon 'yan gudu su gwada ka. Kuma kar in ga kowa da sabon kambas ranar gudu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Azumi ya faɗo tsakiyar atisaye, yaya zan yi?

Toh, nan ne zan tsaya, domin ita ce tambayar gaske kuma ba ta da amsa guda. Ni ba malami ba ne, ba likita ba, abin da zan faɗa shi ne abin da na ga yana yi wa mutane aiki, kuma jikin wani ba na wani ba ne.

Ga yadda abin yake. A 2025 azumi ya cinye watan Maris gaba ɗaya, gudun kuma 27 ga Afrilu. A 2026 daga wajen 18 ga Fabrairu zuwa wajen 19 ga Maris, gudun 26 ga Afrilu. Wato azumin yana haɗuwa da makonnin da dogon gudu ke hawa daga kilomita ashirin zuwa talatin, mafi nauyin tsarin kenan. Sauƙin da ke ciki shi ne lokacin sanyi ne a Landan, rana na faɗuwa tsakanin wajen biyar da minti ashirin zuwa wajen shida da rabi, kuma duk shekara azumin na matsowa gaba da kamar kwana goma sha ɗaya, saboda haka masu zuwa nan gaba za su same shi a farkon tsarin inda gudun bai yi nisa ba.

Gajeren gudu na tsakiyar mako, minti 30 zuwa 45 a hankali, da yawa suna yinsa dab da magariba yadda za su dawo ana kiran salla ga dabino ga ruwa. Yana yi, amma da sharaɗi, a hankali nake nufi, saurin da za ka iya hira da na kusa da kai, kuma ka zagaya kusa da gida kar ka yi nisan da in jiri ya ɗebe ka ba mai kawo ka. Wasu ko wannan ba ya karɓarsu, kansu ke sarawa har bayan isha'i, in kana cikinsu ka mayar da shi bayan shan ruwa, ba gazawa ba ce.

Dogon gudu kuwa ni dai ba zan ba kowa shawarar ya yi shi da azumi a baki ba. Awa biyu zuwa uku kana zuba gumi ba ruwa, ko da sanyi ake, wasa da lafiya ne, musamman mai AS da na ambata. Abin da ya fi shi ne da dare: ka sha ruwa da abu mara nauyi, dabino, kunu, ɗan burodi ko ayaba, ka ajiye tuwo da soye-soye sai ka dawo, ka yi sallarka, ka ba cikin kamar awa ɗaya da rabi ko biyu sannan ka fita da gorar ruwa da dabino a aljihu. Matsalar ita ce tarawihi, kuma a nan kowa sai ya duba wa kansa, wani ya yi a jam'i ya fita bayanta ya dawo tsakar dare, wani ya zaɓi dare ɗaya a mako ya yi tasa a gida. Wanda zai tashi aikin asuba ko mai aikin dare a asibiti ko gidan kula da tsofaffi, lissafinsa daban ne kuma, wataƙila daren Juma'a ko na Asabar kaɗai zai samu. A kula, wuraren shaƙatawa da yawa ana kulle ƙofarsu da duhu, Hyde Park dai yana kaiwa sha biyun dare, in ba haka ba titi mai fitila da riga mai ƙyalli, ko injin gudu a gidan motsa jiki mai kwana buɗe. 'Yan uwa mata dan Allah kar a fita wannan gudun dare ke kaɗai, a nemi abokiyar tafiya ko a yi na inji.

Bayan sahur fa? Gajere ƙwarai wataƙila, amma ka tuna duk gumin da ka zubar ba mai mayar maka da shi sai magariba.

Sai barci, wanda kowa ke mantawa. Tsoka a barci take gyaruwa, kuma mai azumi barcinsa a yanke yake, saboda haka in ka rage yawan gudun mako da kwata ko ma sulusi a watan ba ka yi asara ba. Goman ƙarshe in kana tahajjud ka sauke nauyin sosai. Dogon gudu ɗaya ko biyu da ka rasa ba za su hana ka gamawa ba, abin da ke hana mutane gamawa shi ne ramuwa, a sha salla a ce sai an cusa na wata guda cikin sati biyu, sai gwiwa ko agara ta tsaya. Bayan salla ka samu dogo ɗaya ko biyu na kilomita 29 zuwa 32, na ƙarshen ya kasance saura sati uku, daga nan sai ragewa. Ka riƙa duba fitsarinka kafin sahur, in ya yi duhu ruwan da ka sha bai isa ba, kuma kurɓa-kurɓa ake yi tun daga magariba, ba a ɗura lita biyu ana saura minti biyar.

Masu tambaya ko za su ajiye azumi saboda atisaye, ba ni da wannan fatawar, je wajen malaminka. Amma in kana cikin gudu ka ji jiri, gani ya dushe ko ƙirji ya riƙe, tsaya nan take, wannan ya zama maganar rashin lafiya kuma addini bai ce ka halaka kanka ba.

Kuɗin nan Turawa kawai zai amfana, me ya shafe mu?

Haba Malam. Gaskiya ne kuɗin ba asibitin Kano ko Zariya za a kai ba, ba zan yi maka ƙarya ba, bincike ake yi da shi kuma mafi yawansa a Birtaniya. Amma maganin da aka gano ba ya tambayar fasfo. Ƙungiyar a 2002 aka kafa ta bayan haɗewar tsofaffin ƙungiyoyi biyu, kuma da hannun masu bincikenta a magunguna irin su carboplatin da abiraterone na sankarar mafitsarar maza (prostate), waɗanda ake ba marasa lafiya a ƙasashe da dama. Binciken da ta ɗauki nauyi da ya fito a 2021 ya nuna rigakafin ƙwayar cutar HPV ya rage sankarar bakin mahaifa da kusan kashi 87 cikin 100 ga 'yan matan Ingila da aka yi wa suna shekara 12 zuwa 13. Rigakafin wannan ƙwayar cutar ce Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, kuma har yanzu akwai iyayen da ke hana 'ya'yansu saboda jita-jita. In kana son taimakon gida kai tsaye, madalla, ka biya wa wani kuɗin gashin asibiti (radiotherapy) ko na allurar kansa, ka kuma lallashi 'yan uwanka su kai yara rigakafi. Ɗayan bai hana ɗayan ba.

Zan iya ba da zakkata?

Sadaka dai babu shakka. Zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa, tambayi malami.

Mace za ta iya yi da hijabi?

Ƙwarai, ana yi duk shekara. Dogon wando, riga mai dogon hannu, hijabin wasanni mara nauyi, rigar tawaga a sama. Ki guji auduga domin tana riƙe gumi ta goge fata, ki shafa basilin duk inda ɗinki ke taɓawa, kuma ki gwada kayan gaba ɗaya a dogon gudu tun kafin ranar.

Akwai wani abin ƙarin kuzari da zan sha?

Babu, kuma ku daina tura wa juna garin nan da ake sayarwa a intanet. A gudun Landan na 2012 wata matashiya ta faɗi ta rasu saura ƙiris ta kai ƙarshe, bincike ya gano sinadarin ƙara kuzari na DMAA a jikinta daga irin wannan garin. A 2007 kuma wani saurayi ɗan shekara 22 ya rasu bayan ya gama saboda ruwan da ya sha ya yi yawa har gishirin jininsa ya faɗi. Sha in ka ji ƙishi, ba a kowane tebur ba. Jel ɗin sukari na 'yan gudu ko dabino duk minti 30 zuwa 45, wanda cikinka ya riga ya saba da shi, domin wajen kilomita 30 sukarin da jiki ya adana ke ƙarewa, a nan ne za ka ga ƙarti suna dafa ƙarfen gefen titi. Kuma kar ihun jama'a a Cutty Sark da gadar Tower Bridge, wurare biyu da gudun ke ratsawa, ya ruɗe ka ka ƙara wuta, gadar ko rabin hanya ba ta cika ba.

Saura sati uku gwiwata na ciwo, in daure?

In ciwon na sa ka ɗingishi ko yana ƙaruwa kana cikin gudu, tsaya ka ga likitan gashin ƙashi a satin nan, ba sati mai zuwa ba. Kar ka danne shi da ibuprofen ka fita, yana iya taɓa ƙoda a dogon gudu. In an ce kar ka yi, kira ƙungiyar ranar ka faɗa musu, su ne za su gaya maka ko za a iya ɗage maka gurbin zuwa baɗi, sannan ka sanar da waɗanda suka ba ka kuɗinsu halin da ake ciki.