Mawaƙin rok da ya bar ƙungiyarsa: an haramta masa tsofaffin waƙoƙi?

An daɗe ana cewa idan mawaƙin rok (wani salon kiɗan Turawa mai jita da ganguna) ya rabu da shahararriyar ƙungiyarsa ya koma waƙa shi kaɗai, doka ta hana shi rera waƙoƙin da suka yi tare. Ba haka abin yake ba.

A Ingila da Amurka haƙƙin mallaka iri biyu ne a kan kowace waƙa da aka naɗa. Akwai na baiti da karin waƙa, wanda ke hannun marubuta da kamfanin da ke kula musu da shi. Akwai kuma na sautin da aka naɗa a situdiyo, galibi mallakar kamfanin faifai. Rera waƙa a gaban jama'a haƙƙin farko kawai ya shafa. Mai zauren wasa ko mai shirya taron ne ke biyan kuɗin lasisi, a raba wa marubuta. Saboda haka mawaƙin na iya rera ta ko da bai rubuta baiti ɗaya a ciki ba.

Inda ake samun matsala shi ne sunan ƙungiyar, domin alamar kasuwanci ce, sai kuma sake naɗar tsohuwar waƙa, wanda kwantiragi kan hana na wasu shekaru. Ina ganin daga nan ruɗanin ya samo asali.

A duba bayan faifai: sunayen da ke ƙarƙashin taken waƙa na marubuta ne, alamar ℗ da shekara kuwa na nuna mai sautin.

Don Allah a tura wa masu sha'awar wannan kiɗa.