Ziyarar Palenque, ƙauyen 'yantattun bayi a Kolombiya: tambayoyi da amsoshi

Ina Palenque yake, kuma me ake zuwa gani?

Cikakken sunansa San Basilio de Palenque, a lardin Bolívar da ke arewacin Kolombiya, kimanin kilomita 50 kudu maso gabas da birnin Cartagena. Mazaunansa kusan 3,500 ne, jikokin 'yan Afirka da suka gudu daga hannun Turawan Sifaniya suka kafa sansani cikin daji a ƙarni na 17. Kalmar palenque ma shingen katako take nufi, irin wanda suka kewaye kansu da shi. Jagoransu Benkos Biohó, wanda aka kamo daga yankin da yau ake kira Gini-Bisau, an rataye shi a Cartagena a 1621, amma sansanonin ba su rushe ba. A 1691 sarkin Sifaniya ya amince da 'yancinsu, shi ya sa ake yi wa garin kirari da gari na farko na 'yantattun baƙaƙe a nahiyar Amurka. A 2005 hukumar UNESCO ta sa al'adunsa cikin gadon ɗan Adam.

Wanda ya je neman tsofaffin gine-gine zai koma da ƙorafi. Dandali ne guda, da coci ƙarami, da mutum-mutumin Benkos ya miƙa hannu da tsinkakkiyar sarƙa a wuyan hannun. Abin da ake zuwa dominsa yana bakin mutane da hannuwansu: harshe, kiɗa, kitso, girki da maganin gargajiya.

Yaya ake zuwa?

Daga babbar tashar motocin Cartagena ake shiga bas mai bin hanyar garin San Juan Nepomuceno, a gaya wa kwandasta tun da wuri cewa a mararrabar Palenque za a sauka. Nan 'yan acaɓa ke jira, su ƙarasa da mutum kimanin kilomita 5. A ware awa biyu, domin tashar kanta tana da nisa da tsohon birni, ga cunkoso. Kuskuren da aka fi yi shi ne tashi da hantsi: a isa da tsakar rana, zafi ya haura digiri 30, kowa ya shige inuwa, gari ya yi tsit. A tashi ƙarfe 7 na safe, a riƙe tsabar kuɗin peso da canji, da ruwan sha da hula. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza kafin ya baro gida.

Dole ne a ɗauki ɗan rakiya?

Ba doka ba ce, amma baƙon da ba shi da jagora titi kawai zai gani. A ɗauki ɗan garin, a kuma biya shi hannu da hannu. Kamfanonin yawon buɗe ido na Cartagena na kwaso mutane su zagaya da su awa biyu ko uku su juya, kuma ba lallai ba ne kuɗin ya tsaya a garin. Kafin a biya kamfani, a tambaya: jagoran ɗan Palenque ne? A gidan wa za a ci abinci?

Wane harshe suke yi?

Sifaniyanci, da nasu na gida, Palenquero, wanda suke kira lengua. Yawancin kalmominsa daga Sifaniyanci ne, amma akwai tasirin Kikongo na yankin Kongo da Angola: ngombe na nufin saniya, moná yaro, kuma kalmar "ma" ake sawa gaban suna don yin jam'i. An daɗe ana yi wa masu harshen ba'a a birni har matasa suka fara gudunsa; yanzu ana koyar da shi a makarantar garin, an kuma rubuta shi a jikin bangaye.

Mene ne kuagro da lumbalú?

Kuagro ƙungiyar tsara ce. Yaran unguwa ɗaya da suka tashi tare, maza da mata, sukan haɗu tun suna ƙanana su zauna a haka har tsufa. In ɗayansu zai yi aure ko ya kwanta ciwo su ne a gaba, in ya rasu su ke tara kuɗin binne shi.

Lumbalú kuwa makoki ne na kwana tara. Tsofaffin mata na rera waƙoƙin da wasu kalmominsu na Afirka ma'anarsu ta ɓace ko ga masu rerawa, ana rawa, ana buga pechiche, doguwar gangar da ke shelar mutuwa. A nan baƙi suka fi yin kwaɓa. Jin ganga sai su ɗauka biki ne, su zaro waya su hau ɗaukar bidiyo, alhali gidan rasuwa ne. In aka ci karo da shi a tsaya nesa, sai in masu gida sun yi izini. Mai son kiɗan nishaɗi ya nemi a kai shi wurin makaɗan salon kiɗan da ake kira bullerengue ko wanda ake kira "son palenquero", ya ga marímbula, akwatin katako mai harsunan ƙarfe da makaɗi ke hawa kai ya zauna yana kaɗawa da yatsu.

Musulmi zai sami abin ci?

Zai samu, in ya yi magana tun kafin a ɗora tukunya. Ana cin naman alade a yankin, don haka a ce sin cerdo, wato ban da alade, a zaɓi kifi da shinkafar kwakwa, rogo, doya da soyayyar agada. In an miƙo ñeque a ɗan kofi, barasar rake ce, wani lokaci ma da ita ake jiƙa saiwoyin magani, sai a tambaya. Cikin kayan zaƙin da matan garin ke kaiwa talla har Cartagena akwai cocada ta kwakwa, da alegría: dawa ce ake toyawa ta fashe kamar gugguru, a dunƙule ta da mazarƙwaila da kwakwa.

Yaushe ya fi, kuma ana kwana?

Bikin ganguna na shekara-shekara a watan Oktoba ake yi, gari ya cika maƙil, masauki ya yi wuya, sai a kama ɗaki da wuri. Masaukan ɗakuna ne a gidajen mutane, galibi fanka ce ba na'urar sanyaya ɗaki ba. Kwana ɗaya ya fi zagayen rana nesa ba kusa ba, domin da la'asar ake fito da kujeru ƙofar gida, makitsa su zauna aiki suna ba da labarin yadda kakanni suka zana hanyar gudu a kitso, suka ɓoye iri a cikin gashi. Kafin a ɗauki hoton kowa a nemi izini, in mai talla ce a sayi kayanta.